Bugun Zuciyar Mahaifina Ya Ƙaru Bayan An Yi Masa Aiki: Shin Aikin Bai Yi Ba Ne?

"Assalamu alaikum Likita. Ina rubutowa daga Argungu. Mahaifina mai shekara 61 ya daɗe yana fama da ciwon da likitoci suka ce sunansa AF, zuciyarsa takan rikice ta yi ta bugawa barkatai na awoyi sannan ta koma daidai. Makonni biyar da suka wuce an yi masa aiki a Alƙahira, aka zura waya ta matsematsinsa aka ƙona wuraren da ke tayar da rikicin. Kafin aikin, idan yana cikin lafiya bugunsa 62 zuwa 66 ne a minti, yanzu kuwa na'urar awon jini tana nuna 88, wani lokaci 95, ko da yana zaune. Sau biyu kuma ya ji irin faɗuwar gaban nan ta da, na kusan rabin awa. Sai da muka sayar da gona aka yi aikin nan, hankalinmu a tashe yake. Shin aikin bai yi ba ne? Kuma zai iya daina magunguna tunda an riga an yi aiki?"

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuka yi. A cikin saƙonki akwai abubuwa biyu da tsoro ya haɗa miki wuri ɗaya, alhali kuwa a wurin likitan zuciya daban suke. Na farko shi ne bugun da ya ƙara sauri amma yana tafiya bisa tsari, na biyu kuma shi ne bugun da ya rikice ya rasa tsari. Wanda aka yi wa aiki dominsa shi ne na biyun. Shi na farkon kuwa, a mafi yawan lokuta, aikin ne da kansa yake haifar da shi, kuma ba ya nufin cewa kuɗin gonarku ya tafi a banza. Zan yi bayanin dalili, sannan in zo kan maganar magani, wadda a gaskiya ita ce ta fi tayar mini da hankali a duk cikin tambayar.

Makaɗi da linzami

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, kuma a saman ɗakin sama na dama akwai wani ɗan guntun nama da bai fi tsawon gaɓar yatsa ba, wanda shi ne yake fitar da wutar lantarkin da ke sa zuciya ta buga. Ki ɗauke shi tamkar makaɗin da duk 'yan rawa ke bin kiɗansa. A jikin baligi mai lafiya da ke hutawa, wannan makaɗi yana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti. A ciwon AF, wasu wurare ne a ɗakunan sama suke ƙwace kiɗan, suna harba wuta sau ɗaruruwa a minti ba tare da wani tsari ba, sai ɗakunan su koma makyarkyata maimakon matsawa, ɗakunan ƙasa kuma su riƙa amsawa yadda ta kama. A shekarar 1998 wani likita a birnin Bodo na Faransa, Michel Haïssaguerre, tare da abokan aikinsa, suka nuna cewa yawancin wannan tartsatsi yana tasowa ne daga bakin jijiyoyin da ke dawo da jini daga huhu zuwa ɗakin sama na hagu. Daga nan aikin da aka yi wa Baba ya samo asali. Ana zagaye bakin waɗannan jijiyoyi huɗu da tabo, ko da zafi ko da tsananin sanyi, kamar yadda manomi yake share gefen gonarsa da kaka don kada wutar daji ta tsallako, domin wutar lantarki ba ta ratsa tabo.

To, ga inda amsar tambayarki take. Shi makaɗin nan, da za a bar shi shi kaɗai, saurinsa ya fi wanda muke ji a wuyan hannu. Abin da ke riƙe da shi wata doguwar jijiya ce da ta sauko daga ƙwaƙwalwa, ana kiranta bagus, wadda aikinta a zuciya kamar aikin linzami ne a bakin doki, dare da rana tana ja da baya. Akwai kuma wasu jijiyoyin da ke yin aikin ƙaimi, su ne suke zaburar da zuciya lokacin gudu ko tsoro. Shi ya sa mutumin da aka yi wa dashen zuciya, wanda aka yanke duk waɗannan jijiyoyi a jikinsa, za ki tarar bugunsa yana kusa da 90 zuwa 110 ko da yana kwance. Rassan wannan linzami suna taruwa ne curi-curi a cikin kitsen da ke bayan zuciya, dab da bakin jijiyoyin huhun da ake ƙonawa, saboda haka zafin aikin ko sanyinsa yana taɓa su. Linzami ya yi sako-sako, doki ya ƙara sauri. Abin da aka saba gani shi ne ƙarin bugu 10 zuwa 20 a minti a kan na da, yana raguwa a hankali cikin watanni, ko da yake akwai waɗanda nasu yake wuce shekara bai koma inda yake ba, suna kuma zaune lafiya. Akwai ma binciken da ya nuna cewa waɗanda bugunsu ya ƙaru haka sun fi samun nasarar aikin, amma ba na so ki riƙe wannan a matsayin alkawari, alama ce kawai mai kwantar da hankali. Sabuwar hanyar aikin da ake yi da gajerun harbin lantarki maimakon zafi ko sanyi ba ta cika taɓa rassan wannan linzami sosai ba, don haka sanin irin hanyar da aka bi a aikin Baba yana da amfani.

Na lura cewa ƙarin da Baba ya samu, daga kusan 64 zuwa 88 ko 95, ya ɗan zarce abin da aka saba gani, kuma wannan ya sa nake zargin akwai abu na biyu a ciki. Yawancin masu ciwon AF suna shan maganin rage saurin zuciya, irin su bisoprolol, metoprolol ko atenolol, kuma sau da yawa akan rage su ko a tsayar da su bayan aiki. Idan haka aka yi masa, to 62 ɗin da kuka saba gani ba bugunsa na asali ba ne, bugu ne da magani ya danne. Ki duba takardar sallamarsa ki kwatanta da abin da yake sha kafin tafiya.

Watanni ukun farko

Game da rikicewar da ya ji sau biyu, likitocin zuciya sun daɗe da ware watanni uku na farko bayan aiki a matsayin lokacin da ba a yanke hukunci, wasu masanan ma a baya-bayan nan sun rage shi zuwa makonni takwas. Dalili shi ne an yi wa zuciya ƙuna a ciki, ƙuna kuwa sai ta kumbura kafin ta zama tabo, kuma naman da ke cikin kumburi yana iya harba wuta barkatai ko da shingen da aka yi yana nan daram. Mutane da yawa suna jin ciwon ya dawo a makonnin farko, wani lokaci har fiye da yadda yake kafin aiki, sannan ya lafa. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, rikicewar da ta zo a mako na farko ko na biyu ba ta kai wadda ta zo a wata na uku nauyi ba, domin ta ƙarshen ta fi nuna cewa wata kafa ta buɗe a jikin shingen. Ba kowa ke warkewa da aiki ɗaya ba, akwai waɗanda sai an sake. Baba yana mako na biyar, rikicewar ta zo sau biyu ta kuma tafi da kanta cikin rabin awa, wannan bai isa a ce aikin bai yi ba.

Akwai wani nau'in rikici da nake so ki sani, domin yana yaudarar mutane. Wani lokaci wutar lantarki takan samu hanya ta riƙa zagaye tabon da aka yi, sai zuciya ta kama bugu mai sauri amma mai tsari, sau da yawa tsakanin 120 da 150, ko ƙasa da haka idan mutum yana shan magani. Alamarsa ita ce ba ya motsi. Bugun makaɗi na asali yana sauka idan mutum ya yi barci, ya hau idan ya taka zuwa masallaci, ya sake sauka bayan ya huta. A wannan nau'in rikicin kuwa lamba ɗaya za ki yi ta gani, da asuba da azahar da tsakar dare. Na'urar awon jini ba za ta iya bambance su ba, yatsa ma ba zai iya ba, sai gwajin ECG mai zana wutar lantarkin zuciya a takarda, wanda bai wuce minti biyar ba kuma babu allura a cikinsa. Daga Argungu zuwa Birnin Kebbi ba nisa, ana yinsa a manyan asibitocin can, kuma idan an buƙaci na'urar da ake rataya wa mutum ta kwana tana naɗar bugunsa, likitan da ya duba shi zai faɗa muku inda za a samu, ko a nan ko a Sakkwato. Ina roƙonki a yi wannan gwaji cikin makon nan, kuma duk ranar da rikicewar ta sake zuwa a yi ƙoƙarin yinsa tana kan yi, domin takardar da aka ɗauka a lokacin ta fi bayanin baki nesa ba kusa ba.

Yadda za ku riƙa aunawa

Na'urar awon jini ta gida tana yin kuskure idan bugu ya rikice, saboda wasu bugun ba su da ƙarfin da za su iso hannu. Ki koyi aunawa da yatsa. Baba ya zauna ya huta minti biyar, ki ɗora yatsunki biyu, manuniya da na tsakiya, a wuyan hannunsa ta ɓangaren babban yatsa, ki ƙirga har minti ɗaya cikakke, kina kuma sauraron ko tazarar da ke tsakanin bugu da bugu iri ɗaya ce. Sau biyu a rana ya wadatar, da safe kafin karin kumallo da kuma bayan isha'i. A rubuta a littafi: rana, lokaci, lamba, da kalma ɗaya, "daidai" ko "a rikice".

Na taɓa duba wani dattijo ɗan kasuwar hatsi da aka yi wa irin wannan aiki a Indiya. Ya shigo ofishina da na'urarsa a cikin aljihun babbar riga, kafin mu gama gaisawa ya ɗaura ta sau biyu, kuma ɗansa ya ce mini a gida yakan auna fiye da sau ashirin a yini, har da tsakar dare. Duk lokacin da ya ga 90 sai gabansa ya faɗi, faɗuwar gaban ta kai lambar 105, sai ya ƙara tsorata. Na kama hannunsa na ɗora yatsunsa a kan jijiyarsa, na ce ya riƙa buga ƙafa a ƙasa tare da kowane bugu. Ya yi shiru yana bugawa, can sai ya ɗago ya ce, "Likita, ai a jere suke." Gwajin ECG ya tabbatar da haka. Muka yi yarjejeniya da shi kan awo biyu a rana, ya miƙa wa ɗansa na'urar ya ajiye, kuma littafin da ya kawo mini bayan wata huɗu ya nuna lambar tana sauka da kaɗan-kaɗan har ta zauna a wajen 76.

Abubuwan da ke wurinmu

Kada mu ɗora wa aikin komai. A ƙasarmu akwai abubuwan da ke ƙara saurin zuciya waɗanda likitan Alƙahira ba lallai ya tuna da su ba. Zafin Maris zuwa Mayu a Kebbi yana wuce digiri 40, dattijo kuma ba ya jin ƙishirwa da wuri, idan yana shan maganin sa fitsari abin ya zama biyu. Zazzaɓi kowane iri yana ƙara kusan bugu 10 a kan kowane digiri ɗaya da jiki ya hau. Ƙarancin jini ma haka, kuma wannan yana da muhimmanci ga mai shan maganin tsinka jini, domin yana iya zubar da jini a ciki a hankali ba tare da ya sani ba, musamman idan yana haɗawa da magungunan ciwon jiki da ake saya a kemis irin su diclofenac da ibuprofen. Ki tambaye shi, ko ki sa wanda ba ya jin nauyinsa ya tambaye shi, ko bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta. Goro da shayi mai kauri suna ɗauke da sinadarin da ke zaburar da zuciya. Ba na hana dattijo goronsa gaba ɗaya, domin kaɗan ba ya cutar da yawancin mutane, amma wanda yake cin biyar ko shida a yini ya kamata ya rage, lemukan ƙara kuzari kuwa a bar su sam. Magungunan mura masu buɗe hanci su ma suna sa zuciya gudu. Idan kuma an ba shi amiodarone, maganin hana rikicewar bugun zuciya, wanda ake yawan bayarwa a watannin farko, to a sani yana iya taɓa ƙwayar tayirod da ke wuya, ya sa ta yi aiki fiye da kima ko ƙasa da kima, kuma yana daɗewa a jiki makonni har watanni bayan an daina shi. Gwajin yawan jini, da na ƙoda da gishirin jiki, da na tayirod, su ne zan nema tare da ECG.

Abin da ba a jira da shi

Akwai wata matsala da ba ta cika faruwa ba, ba ta kai mutum ɗaya cikin dubu ba, amma dole in tsaya a kanta saboda yadda take shigowa da kamannin abin da muka raina. Maƙoshin da abinci ke bi yana manne da bayan ɗakin zuciyar da aka ƙona, kuma a wasu lokuta ƙunar takan ci har ta huda tsakaninsu. Wannan yana bayyana ne yawanci daga mako ɗaya zuwa huɗu bayan aiki, amma yana iya kaiwa wata biyu, don haka Baba bai gama fita daga lokacin ba. Alamarsa ta farko sau da yawa zazzaɓi ce da rawar sanyi, mu kuwa a nan duk zazzaɓi sunansa maleriya, sai a sayo magani a kemis a jira kwana uku. Ina roƙonki da girman Allah, idan Baba ya yi zazzaɓi a cikin watanni biyun nan, musamman tare da ciwon ƙirji, ko zafi wajen haɗiya, ko aman jini, ko rikicewar tunani, a kai shi babban asibiti a ranar, kuma a gaya wa likitan farko da ya karɓe shi cewa an yi masa ƙunar zuciya da ranar da aka yi. Hoton CT na ƙirji ake yi, ba a zura kyamara ta maƙogwaro kafin a tabbatar babu wannan hujin, domin iskar da ake hurawa tana iya shiga zuciya.

Haka kuma ba a kwana da suma ko jiri mai kayar da mutum, da numfashin da ke hana kwanciya, da kumburin ƙafafu na kwatsam, da kumburi mai zafi a matsematsin da aka bi, da bugun da ya wuce 120 yana hutawa ya ƙi sauka, ko wanda ya faɗi ƙasa da 40, ko ƙasa da 50 tare da kasala da jiri. Karkacewar baki, nauyin harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko da sun tafi bayan 'yan mintuna, alamun shanyewar ɓarin jiki ne, kuma a nan kowace awa tana da daraja.

Maganar daina magani

Amsa ita ce a'a, kada ya daina ko ɗaya da kansa, musamman maganin tsinka jini. Babban haɗarin AF ba faɗuwar gaba ba ce, gudan jini ne da ke daskarewa a cikin ɗakin da ba ya matsawa, ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon yana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar. Bayan aiki wannan haɗari yana nan, domin fatar cikin zuciya tana da sabon rauni, shi ya sa ake ci gaba da maganin aƙalla wata biyu zuwa uku ga kowa da kowa. Bayan nan ma ba jin daɗin jiki ne ke yanke hukunci ba, ana duba shekaru, da hawan jini, da ciwon suga, da raunin zuciya, da ko an taɓa samun shanyewar jiki, kuma da yawa suna ci gaba da sha har iya rayuwa ko da aikin ya yi kyau, saboda AF yana iya dawowa shiru ba tare da mutum ya ji ba. Na ga wanda ya ji garau bayan aiki ya ajiye maganin saboda tsadarsa, aka dawo mana da shi ranga-ranga a bayan mota ba ya magana, kuma har yau ina jin ciwon abin. Na san tsadar gaskiya ce. Idan maganin tsinka jini irin rivaroxaban ko apixaban ya gagara, ku faɗa wa likita ƙarara, akwai warfarin mai sauƙin kuɗi wanda ke buƙatar gwajin INR, mai auna yadda jini ya tsinke, a kai a kai don a riƙe lambarsa tsakanin 2 da 3, kuma ga wanda ƙofar zuciyarsa ta tsuke sakamakon ciwon da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, warfarin ɗin ne ma ya dace da shi.

Maganin rage saurin zuciya shi ma ba a yanke shi rana ɗaya, domin zuciya takan zabura fiye da da. Kuma kada a ƙara masa yawa don kawai an ga 90, matuƙar ECG ya nuna bugun makaɗi ne na asali kuma Baba ba ya jin komai, ba lamba muke yi wa magani ba. Idan yana shan amiodarone, a gaya wa duk wanda zai rubuta masa maganin maleriya, domin kwinin da wasu magungunan zazzaɓi ba sa jituwa da shi a zuciya. Jiƙe-jiƙen gargajiya da 'yan dubiya ke kawowa a karɓa a yi godiya, amma kada a sha, saboda ba mu san yadda za su yi da maganin tsinka jini ba. Batun azumi kuwa, a zauna da likita kafin watan ya kama, don akwai maganin da ake sha sau biyu a rana, akwai kuma irin rivaroxaban da dole a sha shi da abinci.

Duk abin da na faɗa na gina shi ne a kan saƙonki, ban kama hannun Baba ba, ban ga takardar ECG ɗinsa ba, kuma likitan da zai gan shi ido da ido ya fi ni hurumin yanke hukunci. Ranar da za ku je, ku tafi da duk kwalayen magungunansa a leda ɗaya, har da waɗanda ya daina, da littafin awon, da rahoton aikin da aka ba ku a Alƙahira. Idan ba a ba ku cikakken rahoton ba, ku rubuta musu ku nema, a ciki ne za a ga hanyar da aka bi da wuraren da aka ƙona. Kafin nan ya ci gaba da takawa zuwa masallaci da safe da yamma, yana ƙara nisa a hankali, ya kuma sha ruwa sosai sai dai in likita ya ƙayyade masa. Ki gaishe mini da shi.